Tukwanen Lakar Yaya

A da, idan tsohuwa ta rasu a Tudun Ƙofa, kana iya faɗin waɗanda za su zo ta'aziyya tun kafin a shimfiɗa tabarmi: dangi, surukai, maƙwabta, sai 'yan kasuwar da ta saba saye a hannunsu. Labarin rasuwa da ƙafa yake tafiya, inda ƙafa ta gaji kuma nan yake tsayawa. Da Yayata ta rasu a ƙarshen ranin bana, sai muka ga wani abu dabam. Ba a gama yi mata sutura ba wayoyi suka fara ƙara. Washegari motar jami'a ta tsaya a ƙofar gida, ɗalibai suka yi ta saukowa. Dattawa uku suka zo daga Agwada a kan babura. Wani mutum da babu wanda ya san shi ya taso tun daga Akwanga, ya ce shi dai muryarta ya taɓa ji a rediyo, ya ga bai kamata ya zauna a gida ba.

Limamin unguwarmu yana zaune kusa da ni a zaure. Da mutane suka ɗan ragu sai ya sunkuyo ya ce, “Malam, na tsufa ina zaman makoki a garin nan. Ban taɓa ganin inda ake cewa ‘ya haƙuri’ a ɗora da ‘ya kifin’ ba sai yau.”

Na yi dariya har na ji kunya. Amma na san da Yaya tana ji, ita ce za ta fi kowa dariya.

Wata malamar jami'a, Kirista 'yar ƙabilar Eggon, wadda Yaya take kira 'yata, ta durƙusa a gabana tana hawaye. Ta ce, “Baba, Allah ya ba Mama hutawa.” Ta goge ido, sannan ta ce, “Tukwanen nan fa, kada a bari wani ya zubar.” Bafulatanar da ta yi shekara da shekaru tana ajiye ƙoren nononta a ɗakin Yaya ranar kasuwa, ita ma abin da ta fara tambayar matata ke nan. Saboda tukwanen nan nake wannan rubutu, don jikoki su san abin da ke ciki, su kuma san wadda ta ajiye su.

Yaya ce ta goye ni. Ni ne autan ɗakinmu, kuma har na yi furfura ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Auta. Mace ce doguwa, mai saurin tafiya, mai son tsokana. Ba ta cin abinci ita kaɗai, idan babu baƙo sai ta leƙa waje ta samo. Kowace Juma'a kwanon tuwon shinkafa da miyar taushe yana zuwa gidana daga wurinta, ko ina gari ko ba na nan. Idan mutum ya cika baki a gabanta sai ta ce, “Wanda ya sani ba ya ɗaga murya.” Idan ya raina ƙaramin abu kuma ta ce, “Tsugunna ka gani.”

A ƙarƙashin gadonta akwai tukwane huɗu, kowace an rufe bakinta da faifai. Babu zinariya a ciki, babu hatsi. Busasshiyar laka ce.

Asalin abin daga kakarmu ne. Gonar gidanmu tana kusa da Agwada, a gefenta akwai wani ɗan kwari da ake kira Tafkin Giginya. Da rani ƙasa ce kawai mai tsage-tsage, awaki na yawo a kai. Idan ruwan farko ya sauka sai ya cika, bayan 'yan makonni kuma ka ga ƙananan kifaye a ciki, tsawonsu bai kai ɗan yatsa ba, mazan da ja da shuɗi kamar sabuwar atamfa. Babu rafin da ke shiga tafkin, babu wanda ke fita. Mutane suna cewa daga sama suke faɗowa tare da ruwa. Kakarmu tana kiransu baƙin damina, amma ba ta yarda daga sama suke ba. Ta ce ƙasa ce take ɓoye ƙwansu. Saboda haka duk shekara idan tafkin ya ƙafe, takan ɗebi laka ta ajiye kamar yadda ake ajiye irin shuka. Damina na kamawa ta mayar da rabi tafkin, ko da shanu sun tattake na can. Sauran kuma ta riƙa jiƙawa kaɗan-kaɗan, ta zuba kifayen a randunan gida su cinye tsutsar sauro. Da kaka ta rasu, duk gidan babu wanda ya ɗauki wannan aiki sai Yaya. Aure ya kawo ta Keffi, tukwanen suka biyo ta cikin kayan ɗaki. Dangin mijinta sun daɗe suna yi mata dariya a kan haka.

Ni kuwa na bar gida da wuri. Aikin fassarar labarai a rediyo ya kai ni Kamaru da Chadi da Sudan kafin na dawo na ƙarasa a gida. Na fassara labarai daga Turanci da Faransanci da Larabci, kuma a duk harsunan nan na tarar labari iri ɗaya ne: me ya ƙone, me ya faɗi, wa ya mutu, wa ya ci zaɓe. Idan an gano sabon tsuntsu ko sabuwar ciyawa, a ƙarshen takarda ake sa shi, don idan lokaci ya ƙure a yanke. Sau da yawa ni ne mai yankewar.

Wata shekara da rani, malamar nan ta fito da ɗalibanta binciken halittun ruwa a ƙasar Kokona. Sun zaɓi rani ne saboda lokacin ake hutu kuma hanya tana biyuwa. Suka iso Tafkin Giginya da koma da bokitai, sanye da dogayen takalman roba, suka tarar da busasshiyar ƙasa da wata tsohuwa tana kankarar laka da 'yar fartanya. Yaya ta ba ni labarin fiye da sau goma, kullum tana kwaikwayon tafiyarsu cikin takalman.

Ta ce da su, “Sannunku da aiki. Me ake nema?”

Wani ɗalibi ya ce, “Kifi, Mama. An ce mana akwai tafki a nan.”

“Ai kuwa a kansu kuke tsaye. Ku rage takawa da ƙarfi.”

Ɗaliban suka fashe da dariya. Malamar ba ta yi ba. Ta tsugunna kusa da ita ta ce, “Mama, me za ki yi da lakar?”

Yaya ta ce daga wannan tsugunnon ta san ta samu 'ya. Ta kwatanta mata gida. Ranar da malamar ta zo, Yaya ta ɗebi laka a kwano, ta zuba ruwan sama da take tarawa a randa tun bara, domin na famfo ba ya tashe su. Ta ce a dawo gobe. Da malamar ta dawo ta duba kwanon a hasken rana, sai ga wasu abubuwa kamar ƙwayar gero da aka raba biyu suna iyo. Matata tana wurin. Ta ce malamar ta zauna daɓas a ƙasa da kayan ofis ɗinta, Yaya kuwa ta ci gaba da tsinkar zogale kamar babu abin da ya faru.

Damina biyu malamar ta yi tana zuwa. Ta auna, ta ɗauki hoto, ta ƙirga ƙayoyin bayansu, ta aika wa masana a wasu ƙasashe su kwatanta da waɗanda aka sani. Rannan ta zo da murna ta ce an tabbatar, babu wannan kifi a cikin littafin kowa. Sabon nau'i ne.

Yaya ta ce, “Sabo a wurin wa?”

“A wurin masana, Mama.”

“To Allah ya sa su saba. Ni na gaje shi ne.”

Malamar ta ce al'adarsu ce wanda ya bayyana halitta shi yake raɗa mata suna, kuma tana son ta sa sunan Yaya. Yaya ta ƙi. Ta ce ba ita ta haife shi ba. A sa sunan tafkin, domin mai suna ba ya ɓata. Malamar ba ta gane dalilin ba sai daga baya.

Dalilin shi ne masu tifa. Gine-gine sun ci hanyar Abuja, ana neman ƙasa ko ta ina. Tafkin Giginya ba namu ba ne mu kaɗai, filin gari ne a hannun dagaci, kuma an riga an yi magana cewa da zarar ruwa ya ɗauke hanya ta bushe, za a fara haƙa daga nan. Wanda ya haɗa masu tifar da dagacin kuwa ba kowa ba ne illa ɗan farin Yaya, wanda saboda kunya ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce yaron nan. Ba mugu ba ne. Yana ganin kwari ne da ba a nomawa, ga matasan ƙauye za su samu aikin lodi. Idan aka kwashe lakar kuwa, an kwashe ƙwan da ke cikinta, kuma malamar ta ce ba su ga kifin a wani wuri ba tukuna.

Yaya ta zo gidana da kanta, abin da ba ta cika yi ba.

“Auta, ka san mutanen rediyo.”

“Na san su, Yaya.”

“Ka je ka ce su faɗi labarin baƙin damina. Abin da rediyo ya ambata, tifa ba ta taka shi.”

Na gyara zama na fara yi mata bayani. Na ce labari yana da ƙa'ida. Na ce kifin da bai kai yatsa ba, ba a cinsa, ba a sayar da shi, babu editan da zai ba shi minti ɗaya. Na ce ko a manyan gidajen rediyon da na gani, irin wannan a ƙarshe ake sa shi. Na yi ta magana, tana kallona.

Da na gama ta ce, “Duk yawon da ka yi, ka taɓa ganin kifi ya fito daga busasshiyar ƙasa?”

“Ban taɓa tsayawa na duba ba.”

“A gidanku ake yi tun kana goye. Harsuna huɗu a bakinka, ido ko ɗaya babu.”

Ta ɗauki mayafinta ta fita. Wannan ne faɗa mafi girma da muka taɓa yi, kuma ban ɗauka zai wuce kwana biyu ba. Ranar Juma'a matata ta dawo daga gidan Yaya da kwanon nan na kullum, ta ajiye a gabana tana danne dariya. Na wanke hannu, na buɗe. Laka ce.

Matata ta ce, “In ji Yaya, wai ka zuba ruwan sama. In ka ƙoshi ka aiko da kwanon.”

Haushi ya sa na tura shi gefe, yunwa kuma ta sa na yi ta kallonsa. Da la'asar aka yi ruwa, na tara a bokiti na zuba. Da safe na fito da kwanon tsakar gida, na sa tabarau, ban ga komai ba. Sai na tuna maganarta, na tsugunna. Ga su nan. Ƙanana ƙwarai, kusan ido ne kawai da wutsiya, suna kai da kawowa a cikin kwanon tuwona. Jiya ƙasa ce da za ka iya murtsukewa da hannu. Na daɗe a tsugunne har gwiwata ta riƙe, sai da matata ta ɗaga ni.

Ranar na tafi gidan rediyo. Editan yaro ne da na koya wa aiki. Ya karɓe ni da girmamawa, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya mayar mini da darasina.

“Baba, wa ya mutu?”

“Babu kowa.”

“Ana cinsa?”

“Ba a ci.”

“Turawa sun buga?”

“Mujallar masana ce kawai.”

“To Baba, mu jira. Idan manyan gidajen waje suka ɗauka, sai mu ma mu ɗauka.”

Ban iya yi masa faɗa ba, don ni na koya masa. Na sha ganin haka a ƙasashen da na zauna: abu yana bayan gidanmu, amma ba ya zama labari sai ya je Turai ya dawo. Na koma na gaya wa Yaya. Ta ce, “Ka yi naka. Gobe ka zo ka riƙe mini bokiti.”

Haka muka shiga keke mai ƙafa uku, ni da ita da farin bokitin roba a kan cinyata, ruwa yana fantsalo mini a riga duk inda aka faɗa rami. A ciki akwai manyan kifaye shida da ta kamo daga randarta. Ba ta tsaya neman izini ba. Ta wuce ofishin editan, ta ture takardunsa, ta ce in ɗora bokitin.

“Ɗana, ba magana na zo yi ba. Duba.”

Ya duba don kunya. Sai ya matso da kujera. Sai ya kira mai karanta labarai, ita kuma ta kira wani. Kafin a jima ofishin ya cika, kowa ya sunkuya, wani yana cewa fenti aka shafa musu. Editan ya ɗago ya ce zai ba ta minti uku a ƙarshen shirin manoma na yammacin ranar.

Minti ukun nan sun zama kusan awa guda. Yaya ta zauna gaban makirufo kamar a tsakar gidanta, malamar na gefenta. Ta faɗi yadda kakarmu take ajiye laka, ta faɗi zancen ruwan sama da tsutsar sauro. Malamar ta ce duk duniya ba a rubuta wannan kifi ba sai yanzu, kuma sunan Tafkin Giginya aka sa masa. Sai aka buɗe waya. Wani makiyayi ya ce yana ganin irinsu a wani kwari idan ya kai shanu, ya faɗi sunansu da Fulatanci. Wata tsohuwa ta faɗi nasu da Mada. Wani malamin makaranta ya ce tun yana yaro yake gardama da mahaifinsa a kan ko daga sama suke, yau ya samu amsa, sai dai tsohon ba ya raye balle ya je ya gaya masa. Ina tsaye bayan gilashi ina jin yarukan ƙasarmu suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Malamar sai rubutu take. A nan na ga abin da ya wuce ni tsawon aikina: mutane da yawa sun san kifin, ba a dai taɓa gaya musu cewa abin da suka sani yana da daraja ba.

Ana cikin haka sai ga dagacin da kansa a waya. Ya ji ana ta ambaton ƙasarsa, bai iya haƙuri ba. Ya ce yana so jama'a su sani tafkin nan a ƙarƙashinsa yake, kuma kakansa ma ya san kifin.

Yaya ta ce, “Ranka ya daɗe, mun gode Allah da ya ba mu shugaba mai sanin darajar abin gado. To tifofin da aka ce za su zo fa?”



Dagacin ya ce, “Waɗanne tifofi? Ina raye babu mai taɓa wurin nan.”

“Duk ƙasa ta ji, ranka ya daɗe. Allah ya ja zamani.”

Da muka fito ta ce in saya mata rake, maƙogwaronta ya bushe. A cikin keke ta ce, “Auta, wa ya mutu?” Na ce babu kowa. Ta ce, “Ka ga kuwa an yi labari.”

Bayan mako biyu wata jaridar waje ta buga labarin, sai ga na Abuja sun zo da kyamarori. Yaya ta karɓe su, ta ba su kunu, amma ta ce sun makara, mutanen gida sun riga sun ji.

Ɗanta ya yi fushi. Ya ji kunya a gaban masu tifa, ya yi wata guda bai taka gidanta ba. Ba ta aika a kira shi ba, ba ta kuma yi maganarsa da kowa ba. Ta dai sa aka riƙa kai masa kwano duk Juma'a, na tuwo, ba irin nawa ba. Ta kuma roƙi malamar ta bincika wa matasan ƙauyen wani abin yi, shi ya sa yanzu su ne ke yi wa baƙi da ɗalibai jagora zuwa tafkin da sauran kwaruruwan da masu waya suka ambata. A biyu daga cikinsu an samu kifin. Ranar da ɗan nata ya dawo, ya durƙusa ya gaishe ta, ba ta ce komai a kan abin da ya wuce ba. Ta ce, “Yaron nan, jawo mini tukunyar can, bayana ba ya son sunkuyo.” Tun daga ranar shi yake jawo su.

Ta yi shekaru bayan haka cikin ƙoshin lafiya da tsokana. Ciwon ajalinta bai wuce kwana huɗu ba. Maganar ƙarshe da ta yi mini, ta ce hadari ya kusa, kada a manta da rabin da ake mayarwa.

Bayan addu'ar uku, mata suka shiga gyaran ɗakinta. Ba a kai ga tambayar wa zai ɗauki tukwanen ba, ɗan farinta ya shigo ya ce, “Kawu, waɗannan nawa ne, sauran kayan a raba.” Makon jiya aka yi ruwan farko. Ya zo ya ɗauke ni a mota, da malamar, da matata. Muka tarar da Bafulatanar nan ta riga mu, ta tsare shanunsu a gefe guda kamar yadda suka saba da Yaya. Ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya shiga ya juye rabin lakar a tafkin. Ya fito yana dariya, ido jajir.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yalwata mata makwanci, ya saka mata da alherin kowace halitta da ta tausaya wa.

Tifa ba ta shiga Tafkin Giginya ba, ba kuma za ta shiga ba, don yanzu an kafa allo da sunansa kuma dagaci da kansa yake kai baƙi. Shirin manoma ya ware minti goma na ƙarshe don masu saurare su faɗi abin da suka gani a gona ko a daji, kuma ba a yanke shi ko lokaci ya ƙure. A gidanmu kuwa, ajiyar laka ta zama gado kamar gona.